Zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi ko fura da nono: wanne ya dace mai ƙaramin jari ya fara da shi a Zariya?

Sana'ar abin sha na gida a Zariya tana hannun mata ne galibi, kuma akasarinta ba ta da shago balle allon talla. A tsakar gida ake haɗawa, a zuba a gorunan roba, a jera a kula da ƙanƙara, sannan yara ko 'yan aike su fita da shi zuwa bakin makarantu, tashoshin mota, gareji da kasuwanni, tun daga cikin birni har Tudun Wada, Sabon Gari, Kwangila da Samaru. Abubuwan sha huɗu ne suka fi rinjaye a wannan kasuwa: zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi, da fura da nono. Matar aure da ke neman abin yi a gida, ko ɗalibin da ke son rage wa iyayensa nauyi, sukan zaɓi ɗaya daga ciki bisa wanda suka fi jin daɗin sha ko wanda aka fi yaba hannunsu a kansa. A ganina wannan ma'auni ne mai rauni. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne sa'o'in da abin shan zai iya yi ba tare da sanyi ba kafin ya juya, domin a garin da ba a iya dogara da wutar lantarki, wannan ne yake raba riba da asara.

Da wannan ma'auni, zoɓo ne kan gaba. Busasshen zoɓo yakan yi watanni a buhu bai lalace ba muddin danshi bai same shi ba, don haka mai sana'a tana iya saye da yawa bayan kaka, lokacin da yake da araha, ta ajiye har bazara. Haɗa shi ba ya buƙatar injin markaɗe. Ana ɗauraye shi don fitar da yashi da ƙura, a tafasa shi da citta da kanumfari, wasu su ƙara ɓawon abarba da aka wanke da kyau, a bar shi ya huce, a tace, a sa sukari. Tafasar ta kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan, tsaminsa na asali kuma yana rage musu saurin yaɗuwa, shi ya sa zoɓon da aka yi da tsafta yake jure jinkirin ciniki fiye da sauran ukun. Idan bai ƙare yau ba, kuma an samu an mayar da shi firiza, gobe ana iya fita da shi ba tare da an cuci mai saye ba. Har ila yau yana karɓar daskarewa, ya narke ya koma yadda yake, wanda hakan ya ba da damar ɗaura shi a ƙananan ledoji a sayar wa yaran makaranta a matsayin ƙanƙarar zoɓo.

Rauninsa yana tattare da sauƙin nasa. Kusan kowace unguwa tana da masu zoɓo da yawa, kuma mutane sun saba sayensa da arha, ta yadda ƙara farashi kaɗan yakan kori mai saye zuwa kular da ke kusa. Mafi yawan kuɗin da ake kashewa a kansa yana tafiya ne a sukari da gora da ƙanƙara, abubuwan da mai sana'a ba ta da iko da farashinsu. Shi kansa zoɓon ya zama hajar da ake fitarwa ƙasashen waje, musamman Meziko, daga gonakin Jigawa, Kano da Katsina ta hannun dillalan kasuwanni irin su Dawanau da Maigatari, don haka idan masu fitarwa suka shigo kasuwa da ƙarfi, mai saye da tiya a Sabon Gari takan ji a jikinta. Wannan matsi ne yake sa wasu su tsinka shi da ruwa su cike gurbin da kala da ɗanɗanon leda, ko su zuba kanwa da yawa don kashe tsami su rage sukari, har launinsa ya tashi daga ja mai haske ya koma baƙi-baƙi. Wadda take son ta yi fice a zoɓo sai ta bi akasin haka: ta yi shi da kauri, cittar ta fito, gorar ta zama sabuwa, ta nemi masu sayen da za su biya wannan bambanci, irin ma'aikatan ofis da masu biki.

Kunun aya shi ne kishiyar zoɓo ta kusan kowace fuska. Ya fi su tsada a ido da a baki, masu saye suna ganinsa abin marmari, kuma ba sa jayayya sosai idan gorarsa ta fi ta zoɓo kuɗi. Aikinsa kuwa ba na rago ba ne. Busasshiyar aya tana zuwa da tsakuwa da ruɓaɓɓun ƙwayoyi, sai an tsince, an rege, an jiƙa ta ta kwana har ta kumbura, an sake wankewa. Sannan a haɗa ta da dabinon da aka cire wa ƙwallo, da kwakwa, da 'yar citta da kanumfari, a kai markaɗe, a dawo a tace da kyalle mai laushi, a matse tuƙar har sai ta bushe a hannu. Wadda ta iya takan tace sau biyu, domin ɗan garin da ya tsallake kyallen shi ne yake kwanciya a gindin gora ya shaƙe maƙogwaron mai sha. Mutanen yankin Balensiya na ƙasar Sifen ma suna yin irin wannan abin sha da aya tun da daɗewa, kuma su ma da sanyi suke sayar da shi, saboda matsalar da ke damun mai kunun aya a Gyallesu ita ce take damunsu.

Matsalar ita ce ba a dafa shi. Idan aka tafasa shi sitacin da ke cikin ayar yakan yi kauri, ɗanɗanon ya canza, don haka ɗanye ake sha. Ga shi da zaƙi da maiƙo, ba shi da tsamin da zai kare shi, wato duk abin da ƙwayoyin cuta ke so ya haɗu a gora ɗaya. A zafin watan Afrilu, kunun ayan da aka bari a waje yana iya fara tsami da yauƙi cikin 'yan sa'o'i, kuma idan ya juya babu gyara, sai zubarwa. Haɗarin yana farawa ne tun daga wurin markaɗe: injin da aka gama niƙa tattasai ko waken ƙosai da shi, aka ɗauraye sama-sama da ruwan da ba a san asalinsa ba, zai bar wari da ƙwayoyin da za su gaggauta lalacewar kunun. Saboda haka masu yin sa da gaske sukan je injin da asuba kafin kowa, su tafi da ruwansu, ko su sayi nasu ƙaramin injin, wasu kuma su zuba ƙanƙara tun a wurin markaɗen don kada zafin injin ya taɓa shi. Duk wadda ba ta da firizar da take samun wuta a kai a kai, ta sola ko ta janareta, to kunun aya caca ce a gare ta, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin tayar da janareta ya zama abin da dole a sa a lissafin kowace gora.

Kunun zaƙi yana tsakanin waɗannan biyun, kuma shi ne ya fi buƙatar gwaninta. Kayansa na gida ne, gero ko dawa, da citta, kanumfari, masoro da ɗan barkono, sai busasshen dankalin Hausa ko tsiron hatsi. Ana jiƙa hatsin, a wanke, a markaɗa da kayan ƙamshi, sannan a raba ƙullun gida biyu. Kaso mafi yawa a sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri kamar koko, a bar shi ya sha iska, sannan a zuba ɗanyen kason da ke ɗauke da dankalin ko tsiron, a juya, a rufe ya kwana. Da safe za a tarar kaurin ya saki, ya tsinke, ya yi zaƙi da ɗan tsami mai daɗi, sai a tace a ƙara sukari gwargwadon buƙata. Abin da ya faru cikin daren shi ne, dankalin da tsiron suna ɗauke da sinadarin da ke narkar da sitaci ya mai da shi sukari, ƙananan halittun da ke kawo tsami kuma suka fara aikinsu. Idan aka zuba ɗanyen ƙullun tun dafaffen yana da zafi ƙwarai, zafin zai kashe sinadarin, kunun ya ƙi tsinkewa. Idan kuma aka bari ya yi sanyi sarai, aikin ya yi nawa. Gane wannan tsaka-tsakin da bayan hannu shi ne abin da ake koyo a wurin uwa ko kaka, kuma shi ya sa kunun gida biyu a layi ɗaya ba ya zama iri ɗaya.

A nan akwai batun da ya kamata mai sana'a Musulma ta fahimta sarai. Wannan mataki na tsiro da narkar da sitaci shi ne matakin farko na burkutu da fito, waɗanda ake yi da tsiron dawa a wasu sassan Arewa, haka kuma shi ne tushen aikin manyan kamfanonin giya, irin wanda aka buɗe a Kakuri ta Kaduna a 1963. Abin da ya raba kunun zaƙi da burkutu shi ne lokaci da niyya. Mai burkutu yana barin yis ya cinye sukarin na kwanaki har ya zama barasa, mai kunu kuwa tana tsayar da aikin da wuri ta hanyar tacewa da sanyayawa da sayarwa a ranar. Amma halittun ba sa tsayawa don an rufe gora. Kunun da ya kwana biyu a zafi zai kumbura gorar, ya yi kumfa, ya yi huci idan an buɗe, warinsa ya sauya, kuma a wannan hali ya fara hawa hanyar da ba a so. Malamai sukan kawo hadisin jiƙon dabino da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake sha matuƙar bai wuce kwana uku ba, don nuna cewa abin sha na halal yana iya juyewa idan aka bar shi. Ƙa'idar mai kunun zaƙi ke nan: ta yi daidai abin da za ta sayar a yini, ragowar kuma a shanye a gida da daddare ko a bayar sadaka tun yana da kyau.

Ta fuskar kuɗi, kunun zaƙi yana da rangwame, domin hatsi kaɗan yana ba da ruwa mai yawa, kuma kasuwar Giwa da sauran kasuwannin ƙauyukan da ke kewaye da Zariya suna kawo gero da dawa kusa. Masu sayensa leburori ne, 'yan acaɓa, makanikai da 'yan kasuwa, mutanen da ke son abin da zai kashe ƙishi ya kuma tare yunwa, kuma idan suka saba da hannun mutum ba sa sauyawa da wuri. Sai dai ba sa iya biya da yawa, don haka ribar tana cikin yawan gorunan da aka sayar.

Fura da nono daban take, domin ita abinci ce kafin ta zama abin sha, kuma rabin sana'ar ba ya hannun mai yin ta. Furar kanta aiki ce sananniya: a surfa gero, a wanke, a daka da citta da kanumfari da barkono, a cura, a jefa a tafasasshen ruwa, a kwashe a kirɓa a turmi, a sake curawa a birkiɗa a gari. Nonon ne abin damuwa. Da damina, lokacin da shanu ke ƙoshi, matan Fulani suna shigowa gari da ƙoren nono da kindirmo mai kauri da araha. Da rani kuwa, shanu sun yi nisa neman kiwo, nono ya yi ƙaranci, ya yi tsada, wani lokaci a tsinka shi da ruwa a ɗaure shi da garin kuka don ya yi kauri. Ga shi kuma rani ne lokacin da aka fi neman fura mai sanyi. Rashin tsaro a dazukan yammacin Zariya, wajen Giwa da Birnin Gwari, ya ƙara dagula zirga-zirgar makiyaya a shekarun nan. Wannan ya sa shagunan fura na zamani da yawa suka koma haɗa yogot da madarar gari, wanda ke ba su kauri iri ɗaya kullum, amma ya ɗaure su da farashin madarar da ake shigowa da ita daga waje, mai hawa duk lokacin da naira ta faɗi. Wadda za ta yi amfani da nonon shanu kuma wajibi ne ta tabbatar an dafa madarar kafin a kwantar da ita, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar bakkale. Fura da nono tana da masu saye na dindindin kuma suna biya da kyau, amma ta fi dacewa da mai shago da firji da bilanda, da amintacciyar mai kawo nono, fiye da mai farawa da kula ɗaya.

Wurin da mutum yake zaune yana iya sauya duk wannan lissafi. Samaru da Kongo kasuwar ɗalibai ce, masu son zoɓo da kunun aya a gora mai kyau, masu yin oda ta WhatsApp su biya ta waya. Amma kasuwa ce mai bin kalandar jami'a: hutu yana kashe ta, yajin aiki kuma ya fi hutu muni, kamar yadda masu sana'ar Samaru suka gani a 2022 lokacin da malaman jami'o'i suka shafe wata takwas ba sa aiki. A cikin birni da Tudun Wada ciniki ya fi tafiya da sanayya da talla gida-gida, kunun zaƙi da fura sun fi karɓuwa, farashi ƙasa ne amma ba ya yankewa. Sabon Gari da PZ da Kwangila suna da cunkoson 'yan kasuwa da matafiya na kowace ƙabila, kowane daga cikin huɗun yana tafiya, sai dai gasa ta fi zafi. Kusa da asibitin koyarwa na Shika kuwa akwai masu jinya da ma'aikata da ke tambayar abin sha marar sukari ko mai ɗan kaɗan, wanda zoɓo da kunun aya mai zaƙin dabino kawai suke iya biya wa buƙata.

Akwai kuma batun lokaci wanda ban cika jin ana maganarsa ba. Shekaru da dama azumi yana faɗowa a tsakiyar zafi, har masu sana'ar suka saba ɗaukar watan a matsayin kakar cinikin abin sanyi. Amma azumi yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara: ya kama a watan Maris a 2024 da 2025, kuma zuwa 2030 zai kasance a watan Janairu, cikin hunturu sosai. Wanda ya yini cikin sanyi da hazo ba zai nemi zoɓo mai ƙanƙara da magariba kamar wanda ya yini a zafin Afrilu ba. Kunun gyaɗa da kunun tsamiya masu zafi zai nema. Duk wadda za ta ci bashi ta sayi firiza da fatan azumi zai biya mata, ta sa wannan a ranta. Bazara dai tana nan daga Maris zuwa Mayu, ita ce kakar da ba ta gushewa.

Bukukuwa kasuwa ce ta daban. Ranakun Hawan Sallah, Hawan Bariki da Hawan Daushe, da lokacin Mauludi, jama'a suna cika hanyoyin da ke zuwa ƙofar fadar Zazzau, ana tsaye a rana sa'o'i, kuma abin da ke tafiya a irin wannan wuri shi ne mai arha, mai sanyi, mai jure yini a kula, wato zoɓo. Kunun aya a nan kasada ne, sai dai a fito da shi kaɗan-kaɗan. A bikin aure, suna ko walimar sauka kuwa lamarin ya juya, saboda oda ce: an san adadin goruna, an san sa'ar da za a kai, an karɓi kafin alƙalami. A wannan yanayi ne kunun aya yake nuna ribarsa ba tare da haɗarinsa ba, kuma ta nan nake ba da shawarar a shige shi.

Abu biyu sun shafi dukkansu. Na farko ruwa: kunun aya ba a dafa shi, kunun zaƙi kuma ana ƙara masa ruwa bayan an gama duk wani dafi, don haka wannan ruwan da ƙanƙarar da za ta shiga ciki dole su zama tafasassu ko tatattu, musamman da damina lokacin da amai da gudawa ke yawo. Na biyu gora: tsintattun gorunan da ake saye a hannun 'yan bola jari suna da arha, amma ba a san bakin da ya sha da su ko abin da aka zuba a ciki ba, kuma masu saye da yawa yanzu suna duba murfi kafin su duba abin da ke ciki. Wadda sana'arta ta girma har tana son liƙa takarda mai suna ta kai kantuna, sai ta nemi rajistar hukumar NAFDAC, kuma a nan ma zoɓo ne ya fi sauƙin kaiwa wannan mataki saboda ya fi jure ajiya.

Idan aka haɗa waɗannan duka, wadda take da jari kaɗan, ba ta da firizar kanta, tana sayen ƙanƙara a maƙwabta, ta fara da zoɓo, ta yi shi da kyau fiye da na layinsu. Idan a cikin birni take ko kusa da gareji da kasuwa, kuma ta gaji kunun zaƙi a gida, tana iya sa shi ya zama babbar hajarta, zoɓo ya biyo baya, da sharaɗin ba za ta kwana da shi ba. Kunun aya ta fara shi a kan oda kawai, ranar Juma'a ko ƙarshen mako, har sai ta mallaki sanyin da ba ya yankewa. Fura da nono kuwa ta dakata mata sai ta samu wurin zama da mai kawo nonon da ta gwada rani da damina. Kafin ta sayi kaya da yawa, ta yi gwaji da tiya ɗaya na kowane da take tunani, ta rubuta duk abin da ta kashe har kuɗin markaɗe, gawayi, ƙanƙara da ladan mai talla, ta ƙirga gorunan da suka fita, sannan ta ajiye gora ɗaya a kular da za ta riƙa fita da ita, tana ɗanɗanawa bayan kowace sa'a biyu, don ta san da bakinta ƙarfe nawa kayanta ke fara juyawa.